Ka dakata da sayen tabarau ɗin Baba tukuna

Katsina, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya sanyin can? Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da safe da ƙyar ake hango hasumiyar Gobarau saboda hazo. Inna ta ce a gaishe ka da kyau, saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na kalli bidiyon da ka turo, na matar da aka sa wa tabarau mai kyamara ta ga fuskar jaririnta. Sau uku na maimaita shi, sai da idona ya kawo ruwa. Da na karanta inda ka ce kai za ka saya wa Baba irinsa, wallahi na rasa bakin godiya. Amma ina roƙonka kada ka fitar da ko sisi sai ka gama karanta wannan takarda, domin makonni biyu ke nan ina bin diddigin abin, kuma na gane wani abu da ban sani ba a da.

Ka san yadda suke aiki. Kyamara ce a gaban tabarau take ɗaukar abin da ke gaban mutum, 'yar kwamfuta ta gyara hoton nan take, sannan a nuna shi a ƙananan allunan da ke dab da ido. Za a iya girmama hoton, a ƙara masa haske, a mayar da rubutu fari a kan baƙi, ko a ja layi mai haske a bakin kowane abu don ya fito fili. Ba magani ba ne, kuma ba ya dawo da abin da ya tafi. Da ɗan ganin da ya rage yake aiki. To, a nan maganar take, domin ba kowa ne abin da ya rage masa iri ɗaya ba.

Wanda ka gani, eSight na ƙasar Kanada, da irin su IrisVision na Amurka, babban aikinsu girmama hoto. Sun fi dacewa da wanda tsakiyar ganinsa ta dushe, gefe kuma yana nan. Baba akasin haka ne. Hawan jinin ido gare shi, shi kuwa ta gefe yake fara cin gani, a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi, har ya bar mutum kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ran nan muna zaune a ƙofar gida ya karanta mini rubutun da ke bayan wata motar ɗaukar kaya tsaf, ni har na fara murna. Da ya miƙe zai shiga zaure sai ya yi ƙwallo da butar da ke gindin ƙafarsa. Jikarsa kan zo ta tsaya a gefensa da kwanon fura, bai san da ita ba sai ta ce, "Baba, ga shi." Tun da wani mai babur ya kusa kwashe shi wajen Ƙofar Ƙaura ya daina fita shi kaɗai, mutumin da ka sani da ƙafa yake zagaye garin nan.

Na gwada da wayata. Na buɗe masa Alƙur'aninsa, na girmama rubutun da kyamara, na miƙa masa. Ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Kai, ai ka ƙara ɓatar da ni." Harafi biyu sun cika masa 'yar kafar da yake gani ta ciki, ya rasa farkon layi da ƙarshensa. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na juya kyamarar zuwa wadda ke ɗaukar fili mai faɗi, na saita tsakar gida, komai ya ƙanƙance ya shiga cikin allon wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya yi shiru. Can sai ya ce, "Ashe ga uwarku can tana tankaɗe, ga kuma akuya ta kwance igiya." A lokaci guda ya ga su, ba tare da ya yi ta juya kai ba. Ban iya ce masa komai ba.

Ka ga ke nan shi ragewa yake buƙata, ba ƙari ba. Akwai masu yin irin wannan. Wasu masu bincike a jami'ar Oxford ta nan Ingila inda kake sun kafa kamfanin OXSIGHT, wanda ya yi tabarau mai matse fili mai faɗi ya cusa shi cikin ɗan wurin da idon ke gani. A shekarar 2019 kuma wasu masana a wata jami'a ta Kalifoniya sun yi gwaji da wani tabarau mai kwamfuta na kamfanin Microsoft, mai suna HoloLens, a kan masu wata cutar gado da ita ma take cinye gefen gani. Suka sa na'urar tana shafa wa abubuwa launi gwargwadon nisansu, na kusa launi daban, na nesa daban, sai karon da mutanen ke yi da abubuwa ya ragu da kusan rabi. Irin wannan nake wa Baba sha'awa, abin da zai ce masa ga turmi nan a hagunka.

Gwaggo kuwa, wadda ciwon suga ya taɓa mata tsakiyar ido, girmamawar ce ta yi mata rana. Da wayar ɗanta kawai, rubutu ruwan ɗorawa a kan baƙi, ta karanta kwalin maganinta da kanta.

Sai kuma abin da ya shafi nan gida. Kuɗin irin waɗannan na'urori dala dubbai ne, ka san abin da hakan ke nufi da naira a yau. Batirinsu awoyi kaɗan ne, ga halin wutarmu. In ya lalace, babu mai gyaran waya a kasuwa da zai taɓa shi. Waɗanda ke rufe ido ruf an fi amfani da su a zaune, Baba kuwa tafiya masallaci ce damuwarsa, musamman Asuba da Isha'i, lokacin da kyamara ita ma take shan wahala. Na kuma gwada wata manhaja mai karanta rubutu da murya. Takardar Turanci ta karanta ta sarai, amma da na nuna mata jaridar Hausa sai ta yi ta kwaɓa, har Baba ya ce in kashe. Wannan ya tsaya mini a rai. Dattijon da bai yi boko mai zurfi ba shi ne ya fi buƙatar a karanta masa, shi ne kuma aka bari a baya.

Ba wai na raina fasahar ba ne, wallahi ina sa mata rai ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne lattin da muka yi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, kusan huɗu cikin ɗari makafi ne, yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye mata. Yanar ido ana cire ta mutum ya gani. Abin da hawan jinin ido ya ci kuwa ya tafi ke nan, sai dai a tare sauran. Shekara nawa Baba yana cewa hazo ne, muna ce masa tsufa ne?

Ga abin da nake so mu yi. Bayan sati biyu zan kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna a auna faɗin ganinsa, in turo maka sakamakon. Kai kuma ka nemi asibitin masu raunin gani a nan wajenku, ka nuna musu, ka tambaya wace na'ura ta dace da irin wannan ido, ko ana iya gwadawa a mayar in ba ta yi ba. In akwai, Alhamdu lillahi. Kafin nan, in kana son taimakawa, maganin ɗigawarsa ne ba na so ya yanke ko na kwana ɗaya.

Mun shafa farin fenti a dokin ƙofa da bakin matakalar zaure, na sa fitilar sola a hanyar bayi, an kuma hana yara barin buta da takalma a kan hanya. Jiya ya fita alwalar Asuba bai kira kowa ba.

Ni ma na je an auna mini ido, tun da likita ya ce cutar tana bin jini. Kai ma ka haura 40, kuma na tuna kakarka ta wajen uwa da ɗan jagora ta ƙare. Don Allah ka je a duba ka cikin watan nan, ka faɗa mini abin da suka ce.

Baba ya ce in gaya maka yana sa ka a addu'a, kuma yana tambayar yaushe za ka kawo masa yaran. A gaida uwargida.

Naka har kullum,
Amininka na Rafin Daɗi