Gaisuwar Sallah daga Minesota

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana. Baba, kun tambaya me ke kai mai gida da gado ya biya kuɗi ya kwana a daji. Ga yadda abin yake.

A kudu maso yammacin wannan jiha ta Minesota, a Amurka, ƙasa shimfiɗe take, gonakin masara da waken suya iya ganinka, inuwa sai an nema. A tsakiyar wannan fili akwai tafkin Shetek, bakinsa kurmi ne, gwamnatin jiha ta killace shi tun 1937. Sunan daga harshen Ojibwe ne, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, ma'anarsa kwasakwasa, kuma har yau tsuntsun na sauka a ruwan. Gurbin kwana ta intanet ake kamawa, ana buɗewa saura kwana 120, na bakin ruwa kan ƙare da wuri. Kowane gurbi da teburinsa da murhun ƙarfe, famfo da bayi na kusa.

Kura babu, iska ce abin tsoro, don ba dutsen da zai tare ta. Ana juya wa tanti baya ga iska, a kafa turaku a karkace, kawunansu na kallon waje, a ɗaure duk igiyoyin ko da sama tas take, domin hadarin nan cikin dare yake tasowa. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa kada ta leƙo waje. In ta leƙo, ruwan rufi kanta zai zuba ya kwanta ƙarƙashin mutum. Kwari kuma ba a kafa tanti a cikinsa, komai laushin ciyawarsa.

Itace a wurin ake saya. An hana shigowa da na nesa saboda wani ƙwaro da ke ɓuya a ɓawo yana kashe bishiyoyi. Naman layya a sa shi cikin akwatin sanyi, ƙanƙarar dunƙule a ƙasa, ta fi 'yar gutsattsari daɗewa. Da dare a kulle shi a mota, saboda rakun, wata dabba mai girman muzuru da ta iya buɗe murfi da hannu, ɓarauniya ce ta gaske.

Inna, sauron nan ba ya sa zazzaɓin da muka sani. Kaska ta fi shi: a tura ƙafar wando cikin safa, a duba kan yara da bayan kunnensu kafin barci, in ta kama a cire ta da matsefata daga gindi, a ja a miƙe.

Alƙibla a nan arewa maso gabas take. Magariba sai wajen tara na dare, asuba kafin huɗu, kuma daga ƙarfe goma an hana hayaniya, don haka kiran salla a hankali ake yi.

A gaida Yaya da yara, da su Gwaggo. A ajiye mini kilishi.

Ɗanku