Wasiƙa Zuwa Ga Bashir Kan Zaman Kujerar Baƙo a Ɗakin Matuƙa

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da iyali, ya kuma sanyin Shikago? Na ji daɗin labarin cewa ka kammala horo sun ba ka jirgi. Allah ya sanya albarka. Tunda iyali suna Dalas, tashar aikinka kuwa Shikago, kusan kowane mako za ka nemi jamsit a jirgin wasu, wato kujerar nan mai naɗewa da ke bayan matuƙa. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka tun da wuri.

Kujerar nan alfarma ce, ba haƙƙinka ba ce. Ma'aikacin ƙofar shiga jirgi zai duba sunanka a tsarin kwamfuta na CASS, wanda aka kafa bayan harin 11 ga Satumba 2001 don tabbatar da cewa har yanzu kana aiki da kamfaninka, ya ba ka takarda. Takardar ba izini ba ce. Doka mai lamba 121.547 ta FAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta bar maganar ƙarshe a hannun kyaftin. Nan ne sababbin matuƙa suka fi yin tuntuɓe: mutum ya ga an ba shi kujera cikin fasinjoji, sai ya wuce abinsa ya zauna. Baƙon da bai yi sallama ba ai mugu ne. Ko a ina aka ajiye ka, gai da shugabar ma'aikatan cikin jirgi, ka nemi ta yi maka iso. Idan ka tarar suna karanta jerin binciken kafin tashi, tsaya shiru har su gama. Sannan ka faɗi sunanka da kamfaninka, ka roƙa su rage maka hanya. Lasisinka, takardar likita da katin shaidar aiki su kasance a hannunka tun kafin ka iso ƙofar, kada ka tsaya laluben jaka.

Sa yunifom, ko tufafi masu mutunci da rufaffen takalmi. Idan sufeton FAA ko mai jarraba matuƙa na kamfanin ya zo, shi ne gaba da kai, matuƙan kamfanin ma haka. A ƙananan jirage irin CRJ-200 nauyi kaɗai na iya sa a sauke ka. Kada ka yi wa ma'aikacin ƙofa gardama, domin sunan kamfaninku za a riƙe, abokan aikinka ne za su sha a gaba. Ka riƙa fitowa da wuri, yadda in ka rasa jirgin farko akwai sauran biyu da za su kai ka kafin lokacin aiki.

Da ka zauna, ka zama ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin. Kashe waya. Ɗaura bel ɗin gaba ɗaya har na kafaɗa. Gwada takunkumin oksijin ɗinka, ka san inda yake ba tare da ka duba ba. Idan ba ka san jirgin ba, tambayi yadda kujerar ke buɗewa da naɗewa, domin a jirage da yawa ita ce ke tare ƙofar fita, in aka yi gaggawa kai ne za ka toshe musu hanya.

Daga fara motsi a ƙasa har tsayin ƙafa 10,000, haka ma wajen sauka, babu hira. Dokar ta fito a 1981, bayan hatsari irin na jirgin kamfanin Eastern a birnin Shalot na Amurka a 1974, inda hira ta ɗauke hankalin matuƙa daga tsayin da suke. Ko su suka fara zancen, kai kada ka ja shi. Amma shirun nan ba na kurma ba ne. Sa abin sauraro a kunne, ka bi maganar hasumiya. Idan ka ji an ba su ƙafa 7,000 ka ga sun saita 6,000, ko ka hango jirgi ba su gani ba, faɗa nan take, a taƙaice, ba tare da taɓa komai ba. A Oktoba 2018, matuƙin da ke zaune a wannan kujera a jirgin Lion Air daga Bali zuwa Jakarta ya taimaka aka gano na'urar da ke dukar da hancin jirgin, aka kashe ta. Washegari jirgin nan ɗin ya faɗi da wasu matuƙa. Abin da ba naka ba shi ne gyara musu salon tuƙi, ko cewa "a kamfaninmu ba haka muke yi ba". Abin da ka ji a ɗakin kuma ya tsaya a ɗakin.

Bayan sauka, bari su kashe injin su gama bincikensu, ka naɗe kujerar, ka yi wa kowa godiya, ka ba su wuri.

A gai da Maman Hanifa da yara. Ka rubuto mini yadda tafiyarka ta farko ta kasance.

Naka,
Aminu