Yayana ya hana a yi wa mahaifinmu aiki, kuma ni yake ɗora wa laifi

Assalamu alaikum Malama. Ina rubuto miki ne raina a ɓace, domin jiya yayana ya ce a gaban ƙannenmu wai ni ce nake neman ajalin mahaifinmu, alhali ni kaɗai nake kwana da shi a asibiti.

Baba yana da shekara 63. Tun bara idanunsa suke yin ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, ya yi ta susa har ƙwaurinsa ya yi jini, bayan kwanaki kuma abin ya lafa. Na ɗauka ciwon shawara ne da aka saba gani, kuma kowa haka ya ɗauka, har yayan nawa da yake cewa yanzu na yi sakaci. Sai da zazzaɓi ya haɗu da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama aka yi hoton MRI, aka ga wani tsiro a cikin bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Likita ya kira shi IPNB, ya ce ba kasafai ake samunsa ba, kuma yana fitar da yauƙi mai kauri da ke toshe bututun ya sake, shi ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya. Ya ce mai yiwuwa bai zama kansa, wato ciwon daji, ba tukuna, amma hanyarta ya kama, kuma babu tabbaci sai an cire an bincika, wataƙila tare da wani yanki na hantar.

Yayana bai ji komai ba sai "bai zama kansa ba". Mutumin da sau biyu kacal ya leƙo, bai taɓa wanke wa Baba ko tsumma ba, shi ne yau yake cewa ba za a yanka tsoho a banza ba, ƙannena kuwa sun yi tsit saboda tsoronsa.

Abin da ban faɗa ba, Baba bai san gaskiyar ciwon ba. Tsakuwa ce na ce masa, domin na ga yadda hannunsa yake rawa ranar hoton, kuma Allah ya sani tausayi ne ya sa ni. Yanzu shi ma cewa yake tunda tsakuwa ce a dakata.

Malama, ta yaya zan shawo kan yayana? Ko dai in zauna da Baba in gaya masa komai, ko da zai daina yarda da ni?