Zuwa ga aminina, kan maganar mahaɗan da aka ce za a sayar maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, na karanta shi har sau biyu. Ban ba ka amsa nan take ba saboda maganar ta fi ƙarfin layi biyu a waya, shi ya sa na bari sai da na samu natsuwa.

Na shiga shafin da ka buɗe kan wutar sola, kuma wallahi na ji daɗi. Rubutunka kan yadda ake jera batura ya nuna hannun wanda ya daɗe a cikin aikin. Na kuma fahimci abin da ke cin ranka: wata da watanni kana rubutu, amma in an nemi abin a Google sai can a shafi na huɗu ko na biyar ake ganinka, inda ba mai leƙawa. Ga shi wani ya aiko maka da imel zai sayar maka da linki dubu, wato mahaɗai daga wasu shafuka zuwa naka, wani kuma ya ce ka sa nasa ya sa naka. Ka tambaye ni wanne za ka ɗauka. Kada ka ɗauki ko ɗaya. Ka ba ni aron kunnenka in faɗa maka dalili, sannan in faɗa maka abin da nake ganin ya kamata ka yi a madadinsu.

Kafin Google, yawancin injinan bincike sun fi dogara ne da kalmomin da ke cikin shafi. Mai shafi kuwa shi ke rubuta kalmominsa, don haka sai ya yi ta maimaita kalma ɗaya har ya hau sama. A 1996 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka ɗauko dabarar malaman jami'a: ana gane ƙimar takardar bincike ne daga yawan masanan da suka kafa hujja da ita. Suka ce to mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa wani, ai shi ma kafa hujja ne. Lissafin da suka gina a kan wannan shi ne PageRank, kuma da shi suka kafa kamfanin Google a 1998. Abin lura a lissafin shi ne ba duka mahaɗai ne nauyinsu ɗaya ba. Shafin da shi kansa manyan shafuka suke nunawa, mahaɗinsa ya fi nauyi. Sannan nauyin da yake da shi rabawa yake yi tsakanin duk mahaɗan da ke kansa, don haka in sunanka na cikin jerin mahaɗai ɗari biyar a shafi guda, abin da zai iso gare ka bai taka kara ya karya ba. Yau Google na duba abubuwa da yawa bayan wannan, amma mahaɗi na nan cikinsu har yanzu.

To ka ɗauki mahaɗi a matsayin shaida. A gaban alƙali, shaidar wa ta fi ƙarfi: ta mutumin da ba shi da ko sisi a cikin shari'ar, ko ta wanda aka san kai ma gobe za ka tsaya masa? Wannan shi ne bambancin mahaɗin da ya shigo maka ba tare da ka mayar da biki ba, da kuma na musaya. Na farko yana cewa wani ya ga aikinka ya amfane shi har ya tura masu karatunsa wurinka. Na biyu ba ni gishiri ne in ba ka manda, kuma gano shi ba wuya ga injin da yake ganin shafukan biyu a lokaci guda. Ban ce laifi ne shafuka biyu masu alaƙa su nuna juna ba, wannan yana faruwa kullum kuma ba abin tsoro ba ne. Abin da ƙa'idojin Google suka hana shi ne yawan musaya da kuma buɗe shafi na musamman don cuɗe ni in cuɗe ka kawai. Mutumin da ya nemi ku yi musayar, na duba, shafinsa kan kayan kwalliya ne. Me ya haɗa shi da batirin sola?

Batun saye kuwa, ba labari aka ba ni ba. A 2011 na biya wani mai irin wannan sana'a ya zuba wa shafina mahaɗai daga wurare barkatai. Na hau sama na ɗan lokaci. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da sabon tsarin da aka kira Penguin, wanda aka yi shi don irin wannan aiki, sai na wayi gari masu shigowa shafina sun ragu ƙwarai. Na shafe watanni ina rubuta wa masu shafukan da ban sani ba ina roƙon su cire mahaɗan, yawancinsu ba su ko amsa ba. Sai a watan Oktoba na shekarar Google ya samar da hanyar da mutum zai aika jerin mahaɗan da ya barranta da su. Ko bayan na aika, sai da na jira aka sake sabunta tsarin, domin a lokacin ba kullum yake aiki ba, sai a Satumbar 2016 aka mayar da shi mai aiki kai tsaye. Aikin shekaru na kusa rasawa, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Ba ƙanana kaɗai abin ya shafa ba. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da ke ɗaga shafin babban kantin J.C. Penney na Amurka, Google ya jefa shi ƙasa na tsawon watanni.

Yanzu salon ya ɗan sauya. Sau da yawa Google ba ya ma hukunta ka, sai dai ya yi watsi da mahaɗan kamar babu su, kuma a Disambar 2022 ya sanar cewa yana amfani da tsarinsa mai suna SpamBrain wajen gano masu saye da masu sayarwa. Ka ga in an yi sa'a kuɗinka ne ya tafi a banza, in ba a yi sa'a ba ma'aikatansu su sa wa shafin takunkumi da hannu. Kuma kada lambar da mai tallan ya rubuto ta ruɗe ka, wadda ya ce ita ce ƙarfin shafukansa. Irin waɗannan lambobi kamfanoni masu zaman kansu kamar Moz da Ahrefs ne suke ƙirƙira don kintace. Ba na Google ba ne, shi ya daina nuna wa jama'a makin PageRank tun 2016.

Yanzu ga abin da na fi so mu tsaya a kai. Mutum ba ya sa mahaɗi zuwa shafin wani don tausayi. Yana sawa ne saboda yana cikin rubutu ya zo wurin da yake buƙatar hujja, ko lissafi, ko hoto, ko bayanin da ba zai iya yi da kansa ba. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: me ke hannuna wanda mai rubutu kan sola zai rasa a ko'ina sai wurina? Rubutun "amfanin wutar sola guda goma" ba ya cikin wannan, dubban mutane sun riga ka. Amma na tuna littafin nan da kake rubuta kowane aiki da ka yi: irin batirin, ranar da aka ɗora shi, nauyin kayan da yake ja, da lokacin da ya fara rauni. Aminina, wannan littafi dukiya ce. In ka cire sunayen mutane da adireshinsu, ka tsara shi cikin jadawali, ka yi bayanin yadda ka auna da kuma inda awon naka yake da iyaka, ka samar da abin da babu mai shi sai kai. Ɗan jarida da malamin kwalejin fasaha da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, dukkansu irin wannan suke nema, kuma in sun ɗauka dole su faɗi inda suka samo.

Na biyu, ɗan ma'aunin lissafi a shafin, inda mutum zai shigar da kayan wutar gidansa da awannin da yake kunna su, a fitar masa da girman batiri da yawan faifan sola da yake buƙata. Mutane na son tura wa juna abin da ke yin aiki. Haka zanen haɗa wayoyi da ka yi da hannunka, da hotunan kurakuran da kake tararwa a wurin gyara. Ka rubuta a ƙasansu cewa kowa na iya ɗauka muddin ya nuna asalinsu.

Sai dai abu mai kyau ba ya tallan kansa tun daga farko, sai ka kai shi gaban waɗanda ya dace. Ka nemi mutum ashirin da suka taɓa rubutu kan wannan fanni, ka karanta abin da suka rubuta da gaske, sannan ka aika wa kowa saƙonsa daban, gajere: na karanta rubutunka kaza, a wuri kaza ka yi maganar daɗewar batiri, ga awon da na tattara ko zai yi maka amfani. Shi ke nan. Kada ka roƙi mahaɗi a layin farko, kada ka aika saƙo iri ɗaya ga mutum ɗari, kuma in ba a amsa ba ka tuna masa sau ɗaya ka ƙyale shi. Yawancinsu za su yi shiru, kada hakan ya karya maka gwiwa. Biyu ko uku da za su amsa sun fi dubun da aka yi maka talla.

Akwai wata hanya da nake so ƙwarai domin taimako ce ga kowa. Shafuka na mutuwa kullum a intanet, mahaɗan da ke nuna su kuma suna nan, in an latsa sai a ga lambar 404. In ka tarar da irin wannan a shafin wata makaranta ko ƙungiya, ka je Wayback Machine na Internet Archive ka ga abin da ke wurin a da. In kana da bayani kwatankwacinsa ko wanda ya fi shi, ka sanar da mai shafin cewa mahaɗinsa ya mutu, ga kuma madadi in yana so. Ka gyara masa gida, shi kuma ya san da kai. Haka in wani ya ambaci sunan shafinka bai sa mahaɗi ba, ka gode masa ka nemi ya sa. Ka kuma duba kamfanonin da kake aiki da kayansu da ƙungiyar masu sana'arku, da yawa suna da jerin ƙwararrun da suka amince da su.

Kalmomin da aka ɗora mahaɗin a kansu suna da tasiri. A shekarun baya, an daɗe in ka rubuta "latsa nan" da Turanci a Google, shafin sauke manhajar Adobe Reader ke fitowa a sahun gaba, ba don komai ba sai don ɗimbin shafuka sun nuna shi da waɗannan kalmomi. Saboda sanin haka masu sayarwa ke cusa kalma ɗaya a mahaɗai ɗaruruwa, kuma wannan kamanni na cikin abin da ke tona su. Ka bar kowa ya kira ka yadda ya ga dama, wani da sunan shafin, wani da taken rubutun.

Za ka kuma ji ana maganar alamar nofollow. An fito da ita a 2005 don mai shafi ya ce wa injin bincike ban tsaya wa wannan mahaɗi ba. Wikipedia ta sa ta a kan mahaɗanta na waje tun 2007, don haka kada ka wahalar da kanka da cusa shafinka a can, editocinta ma cirewa za su yi. A 2019 Google ya ƙaro wasu alamomi biyu, ɗaya ta tallan da aka biya, ɗaya ta abin da baƙin shafi suka rubuta. In wata rana ka biya kuɗin talla a wani shafi, ka tabbata an sa alamar tallan, babu laifi a cikin hakan. Kuma kada ka raina mahaɗi don yana ɗauke da irin wannan alama. Mutum na gaske zai biyo ta kansa, wataƙila shi ne zai rubuta game da kai gobe.

Abu ɗaya da na ga yana cutar da mutane: su samu mahaɗi mai kyau, sannan su sauya adireshin rubutun ba tare da sun sa turawa ta 301 daga tsohon zuwa sabon ba, sai shaidar ta bi ruwa. Ka kiyaye wannan. Ka kuma yi rajistar shafinka a Google Search Console, kyauta ne, a nan za ka ga shafukan da ke nuna ka, kuma a nan za a sanar da kai in an sa maka takunkumi. Duba shi sau ɗaya a wata ya isa, domin wannan aiki da watanni ake auna shi.

Ka ɗauki hoton shafuka goma na farko na littafin nan naka ka turo mini, ka rufe sunayen mutane tukuna. Zan tsara maka jadawalin, ma'aunin lissafin kuma mu yi shi tare ta waya ranar da ba ka da fita aiki. Mai sayar da mahaɗan nan kuwa ba sai ka ba shi amsa ba.

Ka gaida mini uwargida da yara, ka ce ina yi musu fatan alheri. Allah ya sa albarka a cikin sana'ar, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
naka amini har kullum.