Wasiƙa ga Yaya kan bashin kotu da ya maƙale a gidan Hustan

Hustan, Teksas
Amurka

Zuwa ga Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta na nan tafe a hannun masu zuwa ƙarshen wata. Na ji an ce damina ta yi albarka, Allah ya sa a kai amfanin gida lafiya.

Na ga a waya maganar gidan ba ta zauna maka ba, har ranka ya ɓaci, shi ya sa na ce gara in rubuto maka dalla-dalla. Ka kwantar da hankalinka, ba a ƙwace gidan ba, ciniki kuma bai wargaje ba. Kamfanin tantance mallaka, wanda ta hannunsa kuɗin mai saye zai bi, shi ne ya binciki rajistar filaye ta gundumar Haris ya tarar da hukuncin kotu a kan sunanka. Hukuncin na watan Maris 2022 ne, dala 18,400, kan tsohon bashin nan da ka ce ka zaci ya mutu.

Ga yadda abin yake a nan. Wanda ya yi nasara a kotu yakan karɓi taƙaitaccen hukuncin ya kai ofishin magatakardan gunduma a shigar a rajista. Da an shigar, bashin ya hau kan duk fili ko gidan da kake da shi a wannan gundumar, har da wanda za ka saya nan gaba. Suna ce masa liyen, mu dai mu ce jinginar dole, domin jingina ce da ba kai ka bayar ba. Ba ta hana ka karɓar kuɗin haya. Galibi sai ranar sayarwa take tashi, domin kamfanin ba zai ba mai saye inshorar mallaka, wadda ke kare shi in wani ya taso da haƙƙi a kan gidan, ba muddin tana nan, bankin mai saye kuma ba zai saki ko sisi ba sai da wannan inshorar. Kada ka yi mamakin ba ka gan ta a rahoton bashinka ba. Tun 2017 manyan kamfanonin da ke tattara wannan rahoto suka fara cire hukuncin kotu daga ciki.

Abu na farko da na duba shi ne ko kai ɗin ne. Sunayenmu suna yawan karo da juna, a gari irin wannan za ka samu mutum da yawa masu suna da sunan uba iri ɗaya, kuma rajistar da suna take aiki. Da wani ne, takardar rantsuwa guda ta isa a wanke ka. Amma takardar hukuncin da ke rajista tana ɗauke da lambobi uku na ƙarshe na lasisin tuƙi da na lambar Social Security, na gwada, naka ne.

Sai lissafi. Hukuncin ya rubuta ruwa 5 cikin 100 a shekara, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da dokar jihar ta tanada, kuma a Teksas duk shekara ana haɗa ruwan da uwar kuɗi a sake lissafi. Shekara uku cif sun mayar da 18,400 ta koma 21,300, yanzu kuma kusan dala 3 take ƙaruwa kullum. An yi cinikin gidan a 285,000. Banki zai ɗauki ragowar bashinsa, 142,000, domin shi ya riga shiga rajista. La'adar dillalai da inshorar mallaka da kasonka na harajin gida na bana za su ci wajen 20,000. Saura 123,000. Ko da an biya su duka ba ragi, abin da zai zo hannunka ya haura dubu 100. Na faɗi wannan ne don ka san girman abin da muke magana a kai kafin zuciya ta sa ka fasa ciniki.

Na san wasu sun ce maka a Teksas ba a taɓa gidan mutum don bashi. Gaskiya ne, kuma kariyar tana da ƙarfi ƙwarai: gidan da mutum yake zaune da iyalinsa, har eka 10 a cikin gari, irin wannan jinginar ba ta kama shi. Mai gida yakan aika wa mai bin bashi sanarwa ta wasiƙar rajista, a ba shi kwana 30 ya musanta, in bai musanta ba takardar rantsuwar mai gida ta zama sakin gidan daga jinginar. Kuɗin cinikin ma doka ta kare shi har wata shida. Matsalar ita ce kariyar ta mazauni ce. Doka ta yarda mutum ya ba da gidansa haya na ɗan lokaci, in dai bai kafa wani mazaunin ba. Kai kuwa ka koma tun 2020, ka gina gida a Kano, ka kwashe iyali, ƴan haya na ciki shekara biyar. In ka rantse cewa nan ne mazauninka, ka yi rantsuwar ƙarya, lauyansu kuma da kwangilar haya kaɗai zai rusa ta. Don Allah ka bar wannan hanyar, ko wa ya ba ka shawararta.

Akwai hanyar da ta fi wannan tushe. Hukuncin bayan ido ne, kuma takardun kotu sun nuna sammacin a gidan aka kai, alhali kana Kano. Wa'adin neman sake shari'a kwana 30 ne, ya wuce tuntuni, amma akwai wata ƙara ta musamman ta neman soke hukunci, wadda wa'adinta shekara huɗu ne, wato zuwa Maris 2026. Kotun Ƙolin Amurka ma ta yanke a 1988, a shari'ar Peralta da ta taso daga nan Teksas, cewa wanda ba a kai masa sammaci ba, ba sai ya nuna yana da hujjar kare kansa ba kafin a soke hukuncin. To amma ka auna. Shari'ar watanni za ta ci, lauya zai ci dubbai, mai saye ba zai jira ba, kuma ko an soke, ƙarar asali ce za ta dawo sabuwa. Tunda kai da bakinka ka ce ka ci kuɗin, a ganina amfanin wannan hujja shi ne lauya ya riƙe ta a matsayin sanda a wurin neman ragi.

Jira kuma ba mafita ba ne. Jinginar tana rayuwa shekara 10 daga ranar shigar da ita, wato har 2032, kuma suna iya sabunta ta. Haka zancen mayar da gidan sunana ko na Anti da ka taɓo: bashin gidan yake bi ba sunan mai shi ba, ga shi kotu tana iya warware kyautar da aka yi don guje wa mai bin bashi, a ƙara mana da wata ƙarar.

Shawarata sulhu ne, a biya daga kuɗin ciniki ranar rufewa, wato ranar da za a kammala cinikin a miƙa gida, ba sai ka turo komai daga gida ba. Amma sulhun yana da ƙa'ida, kuma a nan mutane suke yin asara.

Da farko a tabbatar wa ke da bashin yau. Irin waɗannan basussuka ana sayar da su daga hannu zuwa hannu a farashi mai arha. In an sayar, dole a ga takardar miƙa hukuncin ga sabon mai shi, in ba haka ba ka biya wanda sakinsa ba shi da amfani. Bayan haka lauya ya nemi takardar jimillar biya, mai nuna uwar kuɗi, ruwa, abin da ke ƙaruwa kullum, da ranar da lissafin zai daina aiki. In ranar rufewa ta gota wannan ranar ko da kwana biyu, sai an sabunta, domin giɓin dala 10 ya isa su riƙe saki.

Wajen ragi, na fi son a fara da neman a yafe ruwan gaba ɗaya, domin na san shi ya fi damun ka, sannan a taɓa uwar kuɗin. Ba zan yi maka alkawarin adadi ba. In sun gane akwai ciniki a ƙasa kuma kuɗin ya isa, sukan ƙi sassautawa, don sun san dole a biyo ta kansu. Saboda haka kada ka kira su da kanka, kada ka amsa saƙonsu, ka bar lauya ya yi magana. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi, da sa hannunsu, kuma a faɗi ƙarara cewa wannan kuɗin ya biya hukuncin baki ɗaya. Akwai sakin da gidan kawai yake saki, ragowar bashin ya ci gaba da bin ka. Ba shi muke nema ba. Ka kuma sani cewa in abin da suka yafe ya kai dala 600, suna iya kai rahotonsa hukumar haraji, a lissafa maka shi cikin kuɗin shigarka na shekarar.

Ranar rufewa kamfanin ne zai tura musu kuɗin kai tsaye. Biya kaɗai ba ya goge komai daga rajista. Sai sun sa hannu a takardar saki a gaban jami'in shaidar sa hannu, an kai ta ofishin magatakardan da aka shigar da jinginar. Zan bi sawu har sai na karɓi kwafi mai lambar rajista, kuma lauya zai duba ko sun shigar a wata gundumar, domin kowace gunduma da rajistarta.

Abin da ya rage naka ne, kuma shi nake tsoron ya ja mana lokaci. Mai saye ya ajiye kafin alƙalami, kwangila ta ba mu kwana 45, mun riga mun ci 12. Za a turo maka takardar wakilci da kamfanin da kansa ya tsara don wannan gidan. Kada ka sa wani lauya a can ya rubuta wata, ba za su karɓa ba. Ka nemi rana a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas tun yau, ka tafi da fasfo, kada ka sa hannu sai a gaban jami'in. Kowane hatimi dala 50 ne. Ku tafi tare da Anti, domin ana iya neman sa hannunta. Ainihin takardar za ka aiko ta jirgi, hoto ba ya wadatarwa. Ka haɗo da kwafin fasfonka na Amurka, da shi za a nuna kai ba baƙo ba ne, don kada a riƙe 15 cikin 100 na kuɗin ciniki da ake riƙe wa baƙi, wanda a naka zai iya kai 42,750. Lambar asusun da za a tura maka kuɗi kuma a waya za mu tabbatar da ita, murya da murya. In ka ga saƙon imel yana cewa an canza asusu, ka kira ni kafin ka amsa.

Ka sanar da ni ranar da suka ba ka, in nemi ƙarin kwanaki a wurin mai saye tun da wuri in akwai buƙata. A gaida Kawu da mutanen gida duka.

Wassalam,
Naka ƙaninka.