1 ga Janairu ba ranar sabuwar shekara ba ce kaɗai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki.

Ina roƙon ku riƙa ware fili kuna kawo mana tarihin ranaku, don wallahi yaranmu a nan Garwa in ka ce 1 ga Janairu ba abin da suka sani sai hutu da sabbin kaya, alhali a ranar ce a 1960 Kamaru ta samu ƴancin kai daga Faransa, kuma ɗan garin nan ne Ahmadu Ahijo ya jagorance ta. Tunda aka koma bikin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu sai 1 ga Janairu ta shige duhu, abin na damuna sosai.

Kuma ba mu kaɗai ba fa. Sudan 1 ga Janairu 1956 ta samu nata, Haiti tun 1804, sannan a 1914 a wannan rana Gwamna Lugga na Turawan mulkin mallaka ya haɗe arewa da kudun Najeriya. Mohamed Bazoum na Nijar a takarda ranar ƴancinmu aka haife shi, 1 ga Janairu 1960, ɗan ƙwallon Faransa Lilian Thuram ma ranar ce a 1972.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne iyayenmu. Babana da kawuna duka biyu katinsu 1 ga Janairu aka rubuta, don ba a yi musu takardar haihuwa ba, kaka dai cewa take lokacin girbin dawa ne ta haifi baba. Don Allah ku yi rubutu a kan wannan ma.

Naku mai karatu, daga Garwa.