Amsa ga Ƙanwata Kan Aikin Takardar Masu Zanen Rasha

Assalamu alaikum ƙanwata,

A wurin baje kolin ayyukan ɗaliban zane kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni abu biyu: shin hotunan aikin takarda da na kwalayen kaya da ake ta yaɗawa na masu zanen Rasha da hannu ake yin su ko kwamfuta ce, kuma me ya sa naki ke kwanciya ko ya fito ba armashi idan kin kwaikwaya. Lokaci bai bar ni na ba ki cikakkiyar amsa ba, ga ta nan a rubuce domin duk mai irin wannan damuwa ya amfana.

Aikin takardar da hannu ake yinsa. Wadda kika fi gani ita ce Yulia Brodskaya, haifaffiyar Mosko a 1983, wadda ta koma Birtaniya a 2004. Ita ta yi fastar gasar tanis ta Wimbledon ta 2015, kuma zuciyar da ke kan kan sarkin da gidan wayar Amurka ya fitar a 2016 aikinta ce. Naɗin takarda tsohuwar sana'a ce a Turai, amma a da ƙananan naɗe-naɗe ake yi a jera su su zama fure. Abin da ta fito da shi shi ne tsayar da sillen takarda a kan kaifinsa, ya zama layin zane da kansa, ya fitar da harafi ko fuskar mutum. Ki riƙe wannan da kyau, domin mai kallo kaifin takardar yake gani da inuwar da ta bari, fuskarta kuwa ɗan kaɗan yake hangowa.

Daga nan matsalarki ta farko ta taso. Takardar ofis giram 80 ce a kowace murabba'in mita, ba ta da ƙashin da za ta tsaya da kanta. Cikon da ake naɗewa yana son giram 120 ko kusa da haka, bangon da ke zagaye siffa kuwa giram 160 zuwa 250. Ki nemi takardar da aka rina tun daga cikinta. Wadda aka buga wa launi a sama kawai, da kin yanka sai farin da ke cikinta ya bayyana a daidai inda ido zai sauka, aikin ya fito kamar an yayyafa masa alli. Faɗin sille ya zama ɗaya tak, a ce santimita 1, a yanka da sabuwar reza da rular ƙarfe. Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen kaifi, kuma kaifin da ba shi da daidaito ba ya zama a kan allo, dole ya karkace.

Akwai wani abu da ɗalibai da yawa ba su sani ba: takarda tana da hanya, kamar yadda katako yake da ita. Ki lanƙwasa falle ta tsawo, ki sake lanƙwasa shi ta faɗi, za ki ji ɓangare ɗaya ya fi laushi. Ki yanka sillayenki yadda lanƙwasar za ta bi ɓangaren mai laushi. Idan kin saɓa, kwali mai kauri zai riƙa karyewa gaɓa-gaɓa maimakon ya yi baka sumul. Kafin ki manna, ki ja sillen a jikin tsinken sakace ko bayan almakashi har ya ɗauki siffar da kike so. Gam aikinsa riƙewa kawai, ba ya tanƙwara takarda.

Shi kansa gam ɗin, farin nan na kafintoci, yawansa ke ɓata aiki. Ki shimfiɗa shi siriri a kan wani guntun kwali, ki jira ya ɗan yi danƙo, ki ɗauki sille da hantsaki ki taɓa kaifinsa kawai, ki dasa, ki riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya yi yawa sai ya malalo gefe, ya bushe yana ƙyalli, kyamara kuwa ba ta rufa wa wannan asiri. Ruwansa kuma yana sa allon ƙasa ya kumbura, shi ya sa ake dasawa a kan kwali mai kauri sosai. Da damina takarda na shan laima ta yi laushi, da hunturu gam na bushewa kafin ki kai hannu, saboda haka ki riƙa zubo shi kaɗan-kaɗan.

Matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko kashe aiki, ita ce ɗaukar hoto. Kusan duk wanda ya san aikin Brodskaya ta hoto ya san shi. Haka ma ƙananan mutanen takarda da Alexei Lyapunov da Lena Ehrlich na Novosibirsk ke ƙerawa. Kenan haske wani ɓangare ne na aikin. Filashin waya yana bugawa daga gaba ya share inuwa, aikin kwana goma ya koma kamar bugun inji. Ki sa fitila ɗaya daga gefe, ta karkato kamar digiri 30 zuwa 45, ki tsayar da farin kwali a ɗaya gefen ya dawo da ɗan haske kada inuwa ta yi baƙi ƙirin. Kyamara ta zauna a kan ƙafarta, tana kallon aikin kai tsaye, a tsuke ƙofar haskenta zuwa lamba 8 ko 11 (f/8 ko f/11) domin saman sille da allon ƙasa su fito tar gaba ɗaya. Kada ki haɗa hasken taga da na ƙwan lantarki, farar takarda za ta fito rabi shuɗi rabi rawaya.

Kwalayen kaya kuwa a kwamfuta ake tsara su, amma a kan kantar shago ake gane ingancinsu. A 2016 Nikita Konkin ya fito da kwalin taliya mai fuskar mace, inda aka huda taga a gurbin gashi, taliyar da ke ciki ta zama sumar: miƙaƙƙiya, mai lanƙwasa, ko mai murɗe. Dabarar ta burge ni ƙwarai domin kayan da kansa ne ya ƙarasa zanen. Sai dai mai kwaikwayo ya sani cewa taga na raunana kwali. A bar aƙalla santimita 1 zuwa 1.5 tsakaninta da layin naɗi, kwalin ya kai giram 300 zuwa 350. Kaya kuma suna zaunawa a hanya, in ba a cika sosai ba sai saman tagar ya zama fayau.

Na biyu shi ne kwalin madarar Milgrad na Bryansk, wanda kamfanin zane na Depot da ke Mosko ya sabunta a 2020. An rarraba jikin shuɗiyar kyanwa a fuskokin kwalin, idan aka jera kwalayen a shago aka jujjuya sai kyanwar ta haɗu, wani lokaci tana leƙe, wani lokaci ta miƙe. Wahalar irin wannan tana bakin kwali: dole layin ya fita ta wannan gefe ya shiga na gaba a tsayi ɗaya, kuma kowace fuska ta iya tsayawa ita kaɗai, domin mai jera kaya a shago ba zai tsaya haɗa miki hoto ba. Ki bar rarar launi milimita 3 bayan layin yanka, ki nisanta rubutu da layin naɗi. Kafin ki kai maɗaba'a, ki buga guda uku a ainihin girmansu, ki yanke, ki naɗe, ki jera su, ki ja baya taku uku ki duba inda layukan suka haɗu.

Wassalam,
Yayanki a sana'a